Atishawar da Ta Wanke Sunan Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa surukata tafinta a kasuwar Sankaryare ba, kuma ko na so in manta, 'yan Zango ba za su bar ni ba. Har gobe in na shiga gidan biki sai wata ta kare fuska da gyale ta ce, "Ku matsa, ga ta nan tafe." To, tunda kowa na ba da labarin yadda ya ga dama, bari ni ma in ba da nawa, ni da abin ya faru a hancina.

Lokacin ina amarya, lallen ƙafata ma bai gama fita ba. Laifin farko na mijina ne. Tun kafin a kawo ni ya cika wa danginsa kunne cewa matar da zai aura ta yi lise, wato babbar sakandare, Ingilishi kuwa a bakinta kamar ruwa. A Wagadugu, ka sani, Faransanci da Mosanci ba abin burgewa ba ne, ko mai sayar da gawayi yana juya su. Amma Ingilishi? Wannan sai wane da wane. Gaskiyar magana kuwa, a ajin Ingilishi can baya nake zama ina yi wa ta gabana kitso. Ɗan abin da na tsinta, a fina-finan Najeriya na tsince shi, kuma yawancinsa faɗa ne da zagi. (Na iya korar mutum daga gidana da Ingilishi mai kyau. Abin da ban iya ba shi ne yi masa maraba.) Da aka fara kirana "amarya mai Ingilishi" ban musa ba. Wa zai musa? Daɗi nake ji.

Surukata, wadda kowa ke kira Inna, mai maganin gargajiya ce, gadon uwarta. An ce a tsohon Zango, kafin a rushe unguwar a watsa mutane, zauren gidansu ba ya rabuwa da jama'a. Bayan rusau ta samu rumfa a Sankaryare, tsofaffin masu sayenta suna biyo ta daga duk inda aka jefa su. Tana da sabara, da maɗaci, da filasko, da tazargade, amma abin da ya yi mata suna shi ne garin saiwar sanya, wadda ake ce wa uwar magunguna. Shaƙa ake yi don ciwon kai, mutum ya yi atishawa, kansa ya saki. Kuma Inna tana da ƙa'ida guda da ta gada: ba ta miƙa wa kowa magani sai ta fara ɗanɗanawa a gabansa. Na sha ne, ta kurɓa. Na shaƙa ne, ta shaƙa ta yi atishawarta, sannan ta ƙulla maka.

Sai ciwon yanar ido ya rufe mata ido ɗaya. Mijina ya lallaɓa ta da ƙyar aka kai ta asibiti aka yi aiki. Likita ya kafa mata doka a gabana: ba sunkuyawa, ba ɗaukar kaya, kuma ta yi duk yadda za ta yi ta guji atishawa har idon ya warke, in ba haka ba aikin na iya lalacewa. Inna ta ce ta ji. Amma ta rantsar da mu kada kowa ya sani. "Mai magani a ce an yanka mata ido a asibiti? Ku rufa mini asiri." Ta sayi baƙin tabarau ta ce rana ce ke damunta, ta koma rumfa, ta daina shaƙar garin a gaban mutane.

Kasuwa kuwa ba ta da aikin da ya wuce lura. Akwai wani direba ɗan Nijar da ake kira Ɗan Tawa, mai zaman teburin mai shayi kusa da rumfar, wanda taba ta riga ta kashe masa hanci tun zamanin da. Ya sayi garin sau ɗaya, bai yi atishawa ba, shi ke nan ya samu abin yi. Kullum sai ya faɗa da ƙarfi yadda za a ji: "Garin Inna ai toka ce yanzu. Ko kyanwa ba zai sa atishawa ba. Ba ku ga ita kanta ta daina shaƙa ba? Ta san abin da ta zuba." Magana ta bi gari. Masu saye suka fara wucewa ta gaban rumfar suna gaishe ta daga nesa. Inna takan dawo gida da kayanta a ƙulle yadda ta fita da su, ta zauna, tuwo ya huce a gabanta. Wata rana na ji tana ce wa mijina, "Ba cinikin ne ya dame ni ba. Sunan uwata ne ake taunawa a teburin shayi." Wallahi ranar na ji tausayinta har cikin raina.

Ana cikin haka sai ga wata mata daga Gana, malama a wata makarantar koyon haɗa magunguna, tana zagaya kasuwanni tana ɗaukar hoton mata masu magani da wayarta. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, daga can bakin teku ta fito. Da hannu da ka suka yi magana da Inna, aka tsayar za ta dawo da safe a yi hira. Inna ta shigo gida da fara'ar da na jima ban gani ba, ta ce, "'Yar nan, Allah ya kawo ranarki. Gobe ke ce bakina."

Na ga asirina zai tonu. Amma sai na ce, "To, Inna, ba komai."

Na kwana da waya a hannu. Hanyar ma doguwa ce: in nemi kalma da Faransanci, wayar ta ba ni ta Ingilishi, in dawo in auna ta da Hausa. Sai na yi wani tunani da na ɗauka hikima ce. Na ce abin da Inna ke bukata a wanke sunanta ne, don haka bari in haddace kalmomin yabo. Na samo reputation, wato sunan da mutum yake da shi a bakin jama'a. Na samo respected, wanda ake ganin girmansa. Na samo famous, wanda kowa ya sani. Na jera su na yi mata kirari da Ingilishi, ina maimaitawa a gaban madubi har da ɗaga hannu. Sunayen itatuwa kuwa, na rubuta sabara wayar ta ce ba ta san shi ba, na rubuta maɗaci ta sake cewa haka. Sai na ce to ke kika sani, na ajiye ta. (Wato na shirya wa hirar magani komai da komai, ban da maganin.)

Da safe na ci ado kamar ni za a ɗauka. Leshi na saka, na ɗaura ɗankwali mai hawa, na zizara kwalli, na manna gashin ido na kanti irin mai tsawon nan. Mijina ya ɗauke ni a moto, wato babur, yana ta washe baki, ya ajiye ni ya wuce garejinsa. Kafin baƙuwar, wadda muke kira Madam, ta iso, labari ya riga ya zaga: za a yi Ingilishi a rumfar Inna. Masu tumatir suka matso, masu yadi suka leƙo, Malam Sule mai turare da carbi, dattijon da rumfarsa ke manne da ta Inna, ya jawo kujerarsa. Har da yayan surukina, wanda ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba saboda kunya. Ɗan Tawa kuma yana teburinsa, kofi a hannu, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Madam ta kafa wayarta a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku. Ban jira ta tambaye ni komai ba, na gyara murya na saki kirarina. Famous ya fita, respected ya fita, reputation ma ya fita lafiya lau. Na ji wata a bayana tana cewa, "Kai, yarinyar nan ta sha karatu." Kaina ya kumbura, na ji kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Madam ta yi murmushi ta ce ta gode. Sannan ta ɗauki ƙullin sabara ta tambayi sunansa da amfaninsa.

Na juya wa Inna tambayar. Inna ta gyara zama ta fara bayani: inda ake samunsa, lokacin da ake tsinka, yadda ake shanya shi a inuwa, yadda mai jego ke wanka da shi, abin da uwarta ta ce game da shi. Ta daɗe tana magana. Ta gama, kowa ya juyo gare ni.

Na ce, "Zis lif is beri gud." Wato wannan ganye yana da kyau sosai.

Inna ta ɗan sauke tabarau. "'Yar nan, duk bayanin nan shi ke nan?"

"Inna, Ingilishi gajere ne."

Madam ta ɗauki ɓawon maɗaci. Na san itace da Ingilishi, na san fata, sai na haɗa su na ce fatar itace ce, kuma tana da kyau sosai. Ta ɗauki filasko, na ce wani ganyen ne, shi ma yana da kyau sosai. Ta ɗauki tazargade, na ce ganye ne. Madam ta fara cije leɓe. Zufa ta fara bin bayana. Matsalar ita ce Ɗan Tawa ya sha kai albasa Kumasi ta Gana, Ingilishinsa bai fi nawa ba, amma bai gaza nawa ba. Sai ji na yi ya ce, "Jama'a, tun ɗazu fa abu ɗaya take faɗa. Ganye, ganye, ganye. Akuyar gidanmu ma ta san wannan." Aka yi dariya. Na yi kamar ban ji ba, alhali kunnuwana har zafi suke.

Sannan Madam ta miƙa hannu ta ɗauko kwalbar garin sanya.

Inna ta yi bayani, muryarta ta ɗan sauka. Ni kuma na nuna kai, na nuna hanci, na ce yana da kyau sosai. Ɗan Tawa ya ajiye kofinsa ya miƙe tsaye. "Yawwa, an zo wurin! A ce ta shaƙa mu gani. Ai al'adarta ce. In ba toka ba ce, ta shaƙa a gaban baƙuwa, a ɗauka a waya." Yana faɗa yana kwatantawa da hannu, har Madam ta gane abin da ake nufi. Ita ba ta san komai ba, baiwar Allah, sai ta ji sha'awa, ta miƙa wa Inna kwalbar da hannu biyu, ta juya wayar ta saita fuskarta.

Na dubi Inna. Na ga ta buɗe murfin, na ga ta lakato garin da bakin farce. Shaƙa za ta yi. Matar nan ta zaɓi ta rasa ido da a ce maganin uwarta toka ne.

Ban san lokacin da na fizge kwalbar ba. (Ka tuna fa, ni amarya ce da ko ruwa ba na sha a gabanta.) Na ce da ƙarfi, "Haba Inna, kina da suruka a tsaye kuma ke za ki shaƙa? Ai sai a zage ni." Na juya ga Madam na buga ƙirji na ce, "Mi!" wato ni.

To, ga inda jahilci ya shigo. Ni ban taɓa shaƙar abin nan ba, kuma ban taɓa lura da yawan da ake ɗiba ba. Sai na zuba a tafin hannu na ɗebo da yatsu uku, yadda nake ɗibar gishirin miya. Na ji Inna ta ce, "'Yar nan, kaɗan ake..." Ina! Na riga na zuƙe. Hancin dama, sannan na hagu, don kada a ce na yi rowa.

Na tsaya. Ba abin da ya faru. Na ga Ɗan Tawa ya buɗe hannuwa ya juya ga jama'a, ya fara cewa, "To kun ga..."

Bai ƙarasa ba. Wani abu ya taso mini daga tsakiyar ka kamar an watsa barkono a wuta. Atishawar farko, sai da tattabarun kan rumfa suka tashi. Na ce alhamdu lillahi, don duk halin da nake ciki ina da tarbiyya. Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Yarhamukillah." Ta biyu ta zo, suka sake amsawa. Ta uku, suka amsa, amma wasu sun fara dariya. Da ta huɗu ta fito sai Malam Sule ya ɗaga carbinsa ya yanke hukunci: "Jama'a, ya isa. Bayan uku ba a amsawa. Wannan kuma ba mura ba ce, aikin magani ne, sai dai mu yi mata addu'a."

Daga nan ban ƙara ƙirgawa ba, ba kuma wanda ya ƙirga. Ɗankwalina mai hawa ya yi tsalle ya faɗa cikin kwandon zogale. Gashin ido ɗaya ya ɓalle ya tafi ya sauka a bayan hannun Madam, ta yi ihu ta yarfe shi, ta ɗauka ƙwaro ne. Kwalli ya haɗu da hawaye ya gangaro har haɓa. Hancina kuwa, bari kawai in ce yayan surukina ya juya baya yana kallon sama yana salati. Tarin busasshen ganyen da Inna ta jera a faranti, atishawa ɗaya ta watsa shi kan masu kallo. Kuma abin haushi, ban daina aikina ba. Tsakanin wannan da waccan ina ɗago kai in ce wa wayar, "Beri..." sai ta katse ni, in dawo in ce, "...gud." Wata Bamosa mai tumatir ta zo da buta tana zuba mini ruwa a ka tana cewa, "Yel ka ye, yel ka ye," wato ba komai. Ni kuwa na san akwai komai.

Da abin ya ɗan lafa, na ɗago, ido ɗaya da gashi ɗaya babu, kai ba ɗankwali, kitso a waje. Kunya ta kama ni har na so ƙasa ta tsage. Sai idona ya faɗa kan Ɗan Tawa, yana tsaye baki buɗe. Nan take kunyar ta juye ta zama faɗa. Na ɗauki kwalbar na nufe shi.

"Malam, zo. Ga toka. Zo ka ɗebi irin nawa."

Ya ja da baya. "A'a, amarya, ai ni..."

"Ba kai ka ce ko kyanwa ba zai sa atishawa ba? To ni kyanwa ce? Buɗe hannunka!"

Ina matsawa yana ja, har ya ci karo da bencin mai shayi ya zauna daɓas. Jama'a suka ɗauki ihu: "Ya shaƙa! Ya shaƙa!" Malam Sule ya ce, "Ɗan Tawa, ka faɗi gaskiya, hancinka ne taba ta kashe, ba maganin Inna ba." Mutumin nan ya share zufa ya ce shi fa dama wasa yake, Inna ai uwa ce, kuma yanzu ya tuna ana jiransa a tasha za a yi lodi. Ya tafi ko shayinsa bai shanye ba. Na yi masa rakiya da wata atishawar.

Madam ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta shinshina kwalbar daga nesa ta ce ta san itacen, a Ingilishi violet tree ake ce masa. (Sunan itace guda ke nan da na koya a duk wannan wahala, kuma kada wani ya ce zai gwada yatsu uku. Kwana na yi kaina na ƙara kamar ganga.) Ta rungume Inna, ta rungume ni daga ɗan nesa.

Ashe ba wayar Madam kaɗai ke ɗauka ba. Kafin la'asar hoton ya shiga kowace waya a Zango. Ya je Pisi wurin masu fasa dutse, ya je Yamai, wata ƙanwar babata ta kira daga Kumasi tana tambaya ko aljanu ne suka taɓa ni. Abokan mijina suka riƙa shiga gareji suna ce masa "yarhamukallah" maimakon sallama. Na ƙi fita ko ƙofar gida. Amma rumfar Inna fa? Cika ta yi. Waɗanda ke gaishe ta daga nesa suka dawo suna zama a tabarma, kowa na cewa shi dama bai taɓa yarda da maganar ba. Har sabbin fuska, masu cewa a ba su "na amarya".

Bayan ta koma gida Madam ta aiko mini da saƙon murya tana dariya. Ta ce ɗalibanta sun kalla, yanzu Inna ta zama renowned, ni kuma na zama notorious. Na ruga na duba. Na farkon, wanda ya shahara da abin kirki. Na biyun, wanda ya shahara da abin tsiya. Ashe masu Ingilishi a wurinsu shahara ma ɗaki biyu ce, kuma ni da surukata kowa ta samu nata.

Ranar da likita ya ce idon ya warke, muka dawo gida, Inna ta cire baƙin tabarau ta ajiye. Ta zauna a tsakar gida tana kallon komai kamar baƙuwa. Sai ta ce, "'Yar nan, kawo wayarki. Ranar nan da ido ɗaya na gani, shi ma ta cikin duhu." Na so in ce caji ya ƙare, amma ba a yi wa Inna ƙarya sau biyu. Na kunna na miƙa mata, na sunkuyar da kai.

Ta kalla tun daga inda na fizge kwalbar. Ba ta yi dariya ba. Ta kai hannu ta shafa idon da aka yi wa aiki, sannan ta ce, "Ashe haka kika tozarta kanki saboda ni, 'yata." Ba ta taɓa kirana haka ba. Hawaye ya cika mini ido.

Sai ta gyara zama ta ce, "Mayar mini daidai inda gashin idon ya tashi."

Na mayar. Ta yi dariya har ta kwanta a tabarma, ta ce a sake.

Abin da na koya shi ne, in za ki tsaya wa mutum, ki tsaya da zuciya ɗaya, wannan ban yi nadamarsa ba ko kaɗan. Amma don Allah, kafin ki tsaya ɗin, ki tambayi nawa ake ɗiba.